Tumakin da Suka Riga Ummi

Tun da muka dawo daga Indiya ni da Ummi, bakina bai huta ba. Duk wadda ta shigo yi mana barka da zuwa, kafin ta ajiye mayafi sai ta ce, "To Maman Ummi, ba mu labari tun daga tasha." In fara, in kai rabi, wata ta yi sallama, a ce in koma farko. Matan islamiyyarmu kuwa sun fi kowa naci. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, har da abin da ba na iya faɗa a gaban mutane sai muryata ta karye.

Ummi ce 'yar farina. Sunan mahaifiyar Malam, maigidana, aka sa mata, shi ya sa gida ake ce mata Ummi, ni kuwa ko ba don haka ba sunanta na yanka bai taɓa fita daga bakina ba. Tana aji biyar na sakandare haki ya fara kama ta. Ta ja guga ɗaya a rijiya sai ta zauna, ƙafafu su kumbura, barci sai a jingine. Mun sha wahalar magani kafin wani likita a Yola ya ɗora mata na'ura a ƙirji, ya ce akwai wata 'yar ƙofa a cikin zuciya, bawul suke ce mata, wadda ke rufewa idan jini ya wuce. Ta Ummi ta lalace tun wani ciwon maƙogwaro na ƙuruciya, ba ta rufewa ruf, jini yana komawa baya. Malam maƙeri ne, gadon gidansu tun daga Katsina kafin kakansa ya sauka a Mubi. Nan take ya gane. Ya ce, "Zugazugi ne ya huje." Likita ya ce aikin sai a waje, kuma akwai bawul na ƙarfe da ake sakawa, wanda ba ya ƙarewa.

Wannan maganar ta zauna wa Malam daram. 'Yan'uwa da abokan sana'arsa da mutanen masallaci suka taru suka ɗauke mana nauyin tafiya, Allah ya saka musu da alheri. Ni aka ce in bi ta, don jinyar budurwa sai uwa, shi kuma ya tsaya da ƙannenta. Ranar da za mu tashi ya tsayar da ni a zaure ya ce, "Rakiya, na ƙarfen za a sa mata. Kada ki yarda a yi mata faci. Na san faci, sana'ata ce. Yau ka liƙe, gobe a dawo maka da shi." Na ce to.

Ku tuna wace shekara ce. Shekarar da aka sa dokar ta-ɓaci ce, aka yanke layukan waya, muka koma kamar zamanin kakanni, sai ka taka da ƙafa ka gaida mutum. Malam ya samo layin Kamaru, muka yi da shi duk Juma'a idan an sauko masallaci zai nufi wajen Sahuda, can bakin iyaka, ya hau tudun da sabis ɗin Kamaru ke kamawa, ya kira ni. Ni ba ni da hanyar kiransa ko sama za ta faɗo.

Hanyar Yola kun san ta, amma ba ku san ta da mara lafiya a cinya ba. Kafin Hong mun sauka ban san sau nawa ba. A kowane shinge a ce kowa ya fito, a ɗaga hannu sama, a taka har gaba, mota ta biyo a hankali. A wani shinge bayan Gombi Ummi ta yi taku kaɗan ta durƙusa. Wani soja ya daka mana tsawa, na ce shi ke nan. Da ya matso sai na ɗage zanenta kaɗan na nuna masa ƙafafun, sun yi suntum kamar an hura. Ya dube su, ya dube ni, ya ce wa direba da gurɓatacciyar Hausa, "Wannan yarinya kar ya sauka kuma." Ya miƙo mata ledar ruwa. Har muka kai Song ina yi wa uwarsa addu'a, ban san ta ba.

Daga Yola mota ta kai mu Abuja, daga nan jirgi. Ban taɓa shiga ba, Ummi ma haka, amma ita taga ta nema, ni kuwa carbi na riƙe har yatsuna suka yi tsami. Mun sauka a Habasha mun sake wani. A nan na fara koyon alwala a bakin famfon da sai ka sa hannu yake zuba, ka ɗauke ya tsaya. Na wanke fuska ruwa ya ɗauke, na tsaya ina jira kamar a layin famfon unguwa, sai da wata mai shara ta kama hannuna ta mayar ƙarƙashi tana dariya.

A filin jirgin Indiya abu biyu suka so su tsayar da mu. Na farko daddawa. Jami'in ya kwance ƙullin, ya shinshina, ya ja da baya har ya buge kujera, ya kira abokin aikinsa shi ma ya shinshina. Na ce abinci ne, suka dubi juna. Sun bar mini kuka da kuɓewa busasshiya, daddawar kuma ta tafi. Na biyu ya fi ba ni kunya. Mai buga fasfo ya nuna Ummi ya tambaye ni da Turanci wace ce, na ce 'yata ce. Ya ce mene ne sunanta. Na yi shiru, na nuna masa takarda. Ya sake tambaya, na sake nunawa. Fuskarsa ta canza, ya ga mace da yarinya mara lafiya, ta ce 'yarta ce amma ba ta san sunanta ba. Ummi ce ta cece mu, tana haki tana dariya, ta yi masa bayanin cewa a wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Ya girgiza kai gefe da gefe, na ɗauka ƙi ya yi, ashe a can haka ake cewa to.

An sauke mu a wani gidan haya kusa da asibitin, duk masu jinya ne daga ƙasashen baƙar fata, kowa da ɗakinsa, madafa ɗaya. Ina cikin kaɗa miyar kuka ba daddawa sai na ji an ce a bayana, "Kai! Wannan miya daga gida ya fito." Na waiwaya, ga wata mata gajera, kakkaura, da zanen coci. Madam Kuve ke nan, 'yar Michika, malamar firamare. Na rungume ta kamar 'yar ɗakinmu. A gida wataƙila da mun wuce juna a kasuwa da sannu kawai, a can kuwa kwano ɗaya muka riƙa ci. Ita ta nuna mini shagon da Musulmi ke yanka kaji, don mutanen unguwar yawancinsu ba sa cin nama ko kaɗan, sai shinkafa da wake iri-iri da yaji mai sa hawaye. Shanu kuwa ga su nan a kan titi, ba makiyayi, ba igiya, mota ce ke kauce musu. Na ce da dillalan kasuwar shanun Mubi za su ga wannan da sun kwanta ciwo. Amma suna cire takalmi a ƙofa kamar mu, suna ci da hannun dama kamar mu, kuma tsohuwa idan ta shigo ana tashi.

Rannan muna zaune shiru sai Ummi ta ce, "Mama, agogon waye ke ƙara?" Madam Kuve ta fashe da dariya ta bugi ƙirjinta. "Ni ne agogo, 'yata. Zo ki ji." Ashe bawul ɗin ƙarfen ne a jikinta, an sa mata shekaru da suka wuce, yana ƙas, ƙas, ƙas, ba dare ba rana. Ta ce ya riƙe ta, ba ta da abin cewa sai godiya ga Allah. Sai dai akwai ƙwayar da take sha kullum don jini ya tsinke kada ya daskare a kan ƙarfen, kuma dole a riƙa auna jinin a kai a kai. In maganin ya yi yawa jini ya ɓalle, in ya yi kaɗan ya toshe. Abin da ya dawo da ita ke nan. Hanya ta rikice, ta daɗe ba ta samu zuwa awo ba, wata safiya ta tashi hannunta na hagu ba ya ɗaguwa. Ta nuna mana, har yanzu cokali yana faɗuwa daga cikinsa. Likitan Yola bai kai ga faɗa mana wannan ba, ko ya faɗa hankalinmu na kan "ba ya ƙarewa".

Likitar Ummi mace ce, siririya, da ɗigon ja a goshi, tana magana a hankali don Turancina na sakandare ya iya biyo ta. Bayan sun gama aune-aune ta zaunar da mu. Ta ce na ƙarfe yana nan, za ta iya sakawa, kuma ta maimaita duk abin da Madam Kuve ta faɗa, ta ƙara da cewa ciki da haihuwa a kan wannan ƙwayar abu ne mai haɗari. Ummi ta sunkuyar da kai. Ta ce gyara irin wanda aka saba ba zai kama ba, don fatar ƙofar ta ƙanƙance. Amma akwai wata sabuwar hanya da suke gwadawa, a ƙara wa ƙofar wani ƙyalle na musamman a ɗinke, a bar mata tata ta haihuwa, ba shan ƙwaya har abada. An gwada a jikin tumaki, mutane kaɗan ne aka yi wa. In bai riƙe ba sai an sake buɗe ƙirji. Ta ce ba dole, ko na ƙi za su kula da Ummi yadda ya kamata, amma zuciyar tana ƙara faɗi, tana son amsa ranar Litinin.

Faci ke nan. Abin da Malam ya tsayar da ni a zaure ya hana.

Ban san abin da ya sa ba, sai na ji bakina ya ce ina so in ga tumakin. Ni mai kiwo ce, ba a taɓa raba bayan ɗakina da tunkiya ba, ita kanta Ummi tana da tata, wata fara mai baƙin kunne da kakarta ta ba ta. Likitar ba ta yi dariya ba. Ta kira wani abokin aikinta, likitan dabbobi, ya zo da kwamfuta ya kunna mana hoto mai motsi. Ga su nan, tumaki ne sak irin namu sai dai gajeru, an aske musu gefen ƙirji, ga tabon ɗinki, ga lamba a kunne. Na matsa kusa. Na ga suna kwance suna tuƙa, ido garau, ɗaya ta tashi ta ture 'yar'uwarta a bakin mazubin ciyawa. Dabbar da ke jin ciwo ba ta tuƙa, ba ta faɗa a kan abinci. Raina ya ɗan yi sanyi.

Na ce, "Sun haihu bayan aikin?"

Ya ce ba a bar su sun ɗauki ciki ba.

Na ce, "To yanzu suna ina? Shekararsu nawa?"

Ya dubi likitar, ta gyaɗa masa kai. Ya ce bayan wasu watanni an yi musu allurar da ba a tashi, aka ciro zukatan don a ga yadda ɗinkin ya kama. Ya kama da kyau, in ji shi. Amma abin da zai faru bayan waɗannan watannin, tumakin ba su faɗa musu ba, kuma mutanen da aka yi wa ba su daɗe da yi ba.

Wallahi sai ga hawaye. Ina kallon wadda ta ture 'yar'uwarta, ashe tun kafin in gan ta ba ta duniya. An sa mata ciwon da ba ta da shi, an warkar da ita, an kashe ta, duk don wata yarinya daga Mubi da ba ta taɓa gani ba. Ummi ta taɓa ni ta ce, "Haba Mama, ke da kowace layya ke kike wanke kayan ciki." Na ce wannan daban. Har yau ban iya faɗin inda ya bambanta ba, amma daban ne.

Na ce ba komai, Juma'a na zuwa, Malam zai kira, in zayyana masa, abin da ya ce shi ke nan. Juma'o'in baya bai taɓa fashi ba, ina jin iskar tudu a bayan muryarsa. Ranar na yi wanka da wuri, na cika waya da caji, na ajiye ta a kan cinya. Can sun riga mu yini, lokacin da ake saukowa masallaci a Mubi a can magariba ta yi. Na jira. Madam Kuve ta kawo shayi ya huce. Waya ta yi ƙara sau ɗaya na zabura, ashe saƙon kamfani ne. Asabar haka. Na fara ganin abubuwa a raina, ko an kama shi a hanya da layin wata ƙasa a aljihu, ko an shigo garin, ko yarana suna daji. Ga 'ya a gabana tana haki, ga huɗu a baya ban san halinsu ba. Na yi istihara na sake yi, ban yi mafarkin komai ba.

Ran Lahadi da la'asar Ummi na jingine da matasai, ta ce, "Mama, Baba bai kira ba."

Na ce, "Zai kira."

Ta ce, "Baba lafiyarsa ƙalau, ga ƙarfi, ga sanin hanya. Sahuda kuma nan ne kusa. In shi ya kasa kaiwa Sahuda, ni wa zai riƙa kai ni awon jini?"

Na dubi Madam Kuve ko za ta taimake ni, ta ɗaga hannunta mai lafiya ta ce, "Ni ba zan zaɓa wa 'yar wani ba. Nawa ya riƙe ni, nawa kuma ya ci hannuna. Ke ne uwa." Na ce wa Ummi, "Kin ji dai abin da mai tumaki ya ce. Ba wanda ya san gaba." Ta ce, "Na ji. Na ƙarfen ma an san gabansa ne in akwai hanya."

Tun da aka kai ni gidan Malam ban taɓa tsallake maganarsa ba, ko a kan abin da bai kai wannan ba. Ran Litinin na tsallake. Na sa hannu a takardar facin. Ina sane da cewa in yarinyar nan ba ta tashi ba, ni kaɗai zan koma Mubi in tsaya a wannan zauren in ce masa faci na sa aka yi.

Da aka zo tura ta ɗakin aiki, an sa mata hula da riga mai ɗaurin baya, ta yi ƙanƙanta a kan gadon. Ma'aikatan sun saba ganin iyaye na sumbatar 'ya'yansu, ni kuwa ina tsaye nesa kamar maƙwabciya. Sai da gadon ya kai bakin ƙofa na ji na kira ta, da sunanta na yanka, da ƙarfi. Ta ɗago kai ta dube ni da mamaki, ta yi murmushi, ƙofa ta rufe. Abin da ya biyo baya ba ni da labarinsa, don ban san inda nake ba. Madam Kuve na gefena tana addu'arta ina tawa, ƙirjinta na ƙas, ƙas, shi na riƙa bi da carbi. Da likitar ta fito ta girgiza kai gefe da gefe, na ɗauka an rasa yarinyar kafin in tuna cewa a can haka ake cewa to.

Malam ya kira Juma'ar da ta biyo, Ummi na ɗakin kulawa da robobi a jiki. Ya ce an rufe hanyar iyaka ne, ba shiga ba fita, kowa lafiya. Ya ce, "An yi?" Na ce an yi, ta farfaɗo. Ya yi ta hamdala, layin ya yanke. Ban faɗa masa ba. Na ce wannan ba maganar tudu ba ce.

Lokacin da muka dawo an maido da waya, shingayen dai suna nan, amma a wannan karon Ummi da ƙafarta ta taka kowanne, hannu sama, har tana riga ni. Gida ya cika. Da mutane suka ragu Malam ya kira ta, ya ce wani ya gaya masa ana jin ƙarar ƙarfen, ta juyo ya ji. Ya kara kunnensa a bayanta. Ya daɗe. Ya ɗago ya dube ni.

Na durƙusa na faɗa masa duka, hannun Madam Kuve, tumakin, Juma'ar da bai kira ba, da abin da Ummi ta ce. Bai katse ni ba. Da na gama ya tashi ya fita maƙera, na ji guduma har magariba, ba kuma wani aiki ne a gabansa ba. Da ya dawo ya tsaya a bakin ɗaki ya ce, "Ranar nan na kai shinge sau biyu ana maido ni. Na zauna a gindin bishiya da waya a hannu kamar wawa." Ya ce, "Har yanzu ban yarda da faci ba, Rakiya. Amma in an tambaya, ki ce mu biyu muka sa hannu."

Washegari ya kama tunkiyar Ummi, mai baƙin kunnen, zai yanka a yi sadakar godiya. Na riƙe igiyar na ce ya yi wa Allah ya nemo akuya. Ya dube ni, ya saki. Tana nan bayan ɗaki, ta ma haihu.

Masu tambayata ko Ummi ta warke, ga amsar da nake da ita. Ta koma makaranta, tana jan guga, ƙafafunta sun koma nata. Likitan Yola ya ce akwai ɗan yoyo kaɗan da ya rage, a riƙa dubawa. Kullum da safe kafin Malam ya fita sai ya ce ta juyo, ya kara kunne a bayanta. Ni kuwa watanni nake bi. Iyakar watannin da aka bar tumakin nan suka rayu, Ummi ta cika su makon jiya. Daga nan ba wata tunkiya a gabanta, ita ce a gaba. Ku sa ta a addu'a.